Neman likitan haƙori mai jin Turanci a Jamus: ta ina ake farawa?

Sabon_Zuwa_Essen:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ni ɗalibi ne a Essen, inshorata ta gwamnati ce, TK, Jamusancina bai wuce gaisuwa ba. Turmin ƙasa na hagu ne ke mini zogi, musamman da dare ko in na sha ruwan sanyi. Yaya ake samun likitan haƙori mai jin Turanci a nan? Sai likitan gida ya fara rubuta mini takardar turawa? Kuma da gaske ne wai inshora ba ta biyan aikin haƙori?

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Ba ka buƙatar takardar kowa, kai tsaye ake zuwa wurin likitan haƙori. Abu ɗaya za ka tabbatar: yana karɓar masu inshorar gwamnati. Yawanci suna karɓa, amma wanda ka ga an rubuta Privatpraxis a allonsa, ko ka miƙa katin TK ba zai shiga na'ura ba, takardar kuɗi za ta biyo ka gida.

Hanya mafi sauri ita ce Doctolib, manhajar neman lokacin ganin likita. Ka rubuta Zahnarzt, wato likitan haƙori, da sunan garinku, ka shiga wurin tace harsuna ka zaɓi Englisch, in an tambaye ka irin inshora ka danna gesetzlich versichert. Hanya ta biyu, ƙungiyar likitocin haƙori masu aiki da inshorar gwamnati, wato KZV. Kowane yanki da tasa, kuma suna da jerin likitoci a shafinsu. Essen tana ƙarƙashin KZV Nordrhein ne, ba Westfalen-Lippe ba, duk da jiha ɗaya ce.

Nas_Talatu:
Malam ya yi maganar nema, ni zan tsaya kan ciwon. Ƙanina, haƙorin da ke tashin mutum da dare, kuma zogin ya daɗe bayan ruwan sanyi ya wuce, galibi ruɓewar ta kai jijiya ke nan. Wannan ba na jiran Termin, wato alƙawarin ganin likita, na mako uku ba ne. Kada ka zaɓi Kontrolle a manhaja, wannan duba ce ta mai lafiya, a ƙarshen layi za a sa ka. Ka buga waya da ƙarfe takwas na safe daidai lokacin buɗewa, ka ce "Ich habe starke Zahnschmerzen", wato haƙori na mini ciwo sosai, sannan ka tambaya ko za a iya Turanci. In ba a ɗaga ba, ɗauki katinka ka tafi da ƙafarka. Kusan kowane wuri na barin gurbi saboda masu ciwo, sai dai ka zauna jira.

Kafin nan, ibuprofen 400 daga kantin magani, bayan cin abinci, kada ya wuce guda uku a yini. Mai olsa, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su tambayi mai kantin, galibi paracetamol za a ba su. Kada ka sha asfirin, yana tsinka jini na kwanaki, in cirewa ta kama jinin zai yi wuyar tsayawa. Kada kuma ka danna ƙwaya a jikin dasashi, ƙona wurin take yi. Kanumfari yana ɗan kwantar da zogi, amma ba ya gyara komai.

Dan_Zango_Kumasi:
In dare ne ko ƙarshen mako sai ya kira 116117 kawai.

Nas_Talatu:
A'a Ɗan Zango, 116117 ta likitocin jiki ce masu jiran ko-ta-kwana. Masu haƙori tsarinsu daban, KZV ce ke jera wanda ke bakin aiki. A rubuta zahnärztlicher Notdienst da sunan gari a intanet, za a ga lambar waya da wanda ke buɗe a ranar. A sani kuma a can ciwo kawai za a kashe: a buɗe haƙorin, a sa magani, a toshe na wucin gadi. Sauran aikin sai Litinin a wurin likitanka.

Amma in kumburi ya hau zuwa ido ko ya sauka ƙarƙashin muƙamuƙi, da zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta yi wuya, an wuce nan. Asibiti mai sashen tiyatar baki da muƙamuƙi za a nufa, MKG suke rubutawa. In numfashi ya fara sarƙewa, a kira lambar gaggawa, 112.

Bakatsine_Hamburg:
Ni a ganina ana ɗora wa maganar Turancin nan nauyin da ya fi ƙarfinta. Likitocin kansu, musamman matasa, da wuya ka samu wanda ba zai iya yi maka bayani da Turanci ba. Inda ake tuntuɓe shi ne teburin karɓar baƙi da takardu. Mai ɗaga waya ita ce ba lallai ta ji Turanci ba, kuma duk abin da za ka sa wa hannu da Jamusanci yake, ko da likitan ya yi shekara goma a Ingila. Saboda haka in ba ciwo ne ya matsa ba, a yi Termin ta intanet ko ta imel, a tsallake wayar. Na unguwa ya fi, domin aikin jijiya zuwa biyu ko uku ne, ba wanda zai so ya riƙa ratsa gari da leɓe a mace.

Wuraren da ke tallar kansu da Turanci a tsakiyar birni, da yawa masu inshorar kuɗi, wato wadda ba ta gwamnati ba, suke hari. Ba haramun ba ne, amma ka shirya jin tayin ƙarin abubuwa.

Hajiya_Bremen:
Ban yarda da kai duka ba, Bakatsine. "Zai iya bayani" daban, "ka fahimta" daban. Doka ta wajabta wa likita ya yi wa mara lafiya bayanin aikin da haɗarinsa ta yadda zai gane kafin ya amince. Shi ya sa wasu, in suka ga ba a fahimtar juna kuma abin ba na gaggawa ba ne, sai su ce a dawo da mai fassara. Inshora kuwa ba ta biyan tafinta. To wanda bai da mai raka shi, gara ya sha tafiyar minti arba'in ya samu wanda za su yi magana sosai. In za a tafi da mai fassara, a ɗauki babba, kada a ɗora wa yaro ɗan makaranta fassarar maganar tiyata.

Dan_Damagaram:
A wurin tace harsunan nan ba Turanci kaɗai ba ne. Mu 'yan Nijar sai mu duba Französisch. Wanda ya yi karatu a Sudan ko Masar ko Madina ya duba Arabisch, likitocin haƙori 'yan Siriya suna da yawa a Jamus, wani lokaci ma sun fi saurin samun gurbi. Sai dai alamar harshe a manhaja ba ta nufin kowa a gidan yana jin sa. In likitoci huɗu ne a wurin, a duba sunan wanda ke jin harshen a yi Termin da shi takamaimai, in ba haka ba duk wanda ke da sarari za a haɗa ka da shi.

Malam_Lissafi:
Bari in koma tambayarsa ta uku, ta kuɗi, don nan ne ake yawan ruɗewa. Ba gaskiya ba ne cewa inshora ba ta biya. Tana biyan duba baki sau biyu a shekara, ɗaya a kowane rabi. Tana biyan kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora sau ɗaya a shekara. Tana biyan hoto in da buƙata, allurar kashe zafi, cirewa, da ciko. Duk waɗannan kati kawai za ka miƙa.

A ciko ne ake fara rabuwa. Tun 1 ga Janairun 2025 an daina amfani da amalgam, cikon nan mai ruwan azurfa, a Tarayyar Turai, sai in lalura ta musamman ta sa. Yanzu haƙoran gaba ana musu farin ciko kyauta, na baya kuma akwai wanda inshora ke biya gaba ɗaya, mai manne kansa. In kana son farin ciko mai hawa-hawa a turmi, za a ba ka takarda mai suna Mehrkostenvereinbarung, inshora ta biya nata kason, kai ka cika sauran. Kana da ikon cewa na inshora kake so. Kalmar ita ce Kassenleistung. Ka riƙe ta. Kafin a kwantar da kujera ka tambaya: wannan Kassenleistung ne, ko akwai abin da zan biya?

Sai abin da suke kira Zahnersatz: hular haƙori, gada, haƙoran roba. Nan inshora ba ta biyan duka. Tana ba da kaso 60 cikin ɗari na kuɗin aiki mafi sauƙi da aka ƙayyade wa irin matsalarka, ba na abin da ka zaɓa ba. Dashen haƙori mai ƙusa ba ya cikin aiki mafi sauƙi, don haka kason gada za a ba ka, sauran daga aljihunka, kuma guda ɗaya kan haura Yuro 2,000.

Maman_Ilham:
Malam ka manta Bonusheft. Ɗan ƙaramin littafi ne, kyauta, a tebur za ka roƙa don ba kowa ke tuna ba ka ba. Duk shekarar da ka je duba sai a buga maka hatimi. Shekara biyar a jere, kason nan ya tashi daga 60 zuwa 70. Shekara goma, 75. Babba hatimi ɗaya a shekara, yara daga 6 zuwa 17 biyu. Wanda ya zo yana ganin shekara biyu zai yi ya koma, ya karɓa duk da haka, mun san yadda shekara biyun nan ke miƙewa. In an manta buga hatimi a bara kuma ka je, suna da shi a kwamfuta, za su buga maka daga baya.

Uban_Tafiya:
Duk bayanan nan na masu inshorar gwamnati irin su TK da AOK da Barmer da DAK ne fa. A faɗa wa sababbi gaskiya. Wanda ya zo kwas ɗin harshe, ko ɗalibin da ya haura shekara 30 ya sayi inshorar nan mai arha ta baƙi, lissafinsa daban ne. Irin waɗannan galibi kashe ciwo kawai suke biya, da iyakar kuɗi a shekara, kuma abin da ka zo da shi daga gida ba sa ɗauka. Kai za ka fara biya, ka aika musu rasit, su duba. A karanta sashen Zahnbehandlung a takardar yarjejeniya kafin a je, a kuma gaya wa likita tun farko cewa ba cikakkiyar inshorar kuɗi ba ce. In ya ji "privat" kawai zai yi lissafi da GOZ, jadawalin farashin masu inshorar kuɗi, inda ake ninka farashi har sau 2.3 a aiki na yau da kullum, har 3.5 in ya rubuta dalili. Inshorar taka kuwa wataƙila ba ta kai nan ba.

Masu neman mafaka, a watanni 36 na farko ciwo mai tsanani da na gaggawa ake ɗauka. A wasu jihohi kamar Hamburg da Bremen da Berlin kati ake ba su, a wasu wuraren sai an karɓo takardar magani daga ofishin jin daɗin jama'a kafin a je. Wanda ba shi da komai kwata-kwata ya nemi ƙungiyar agaji ta Malteser, suna da wuraren duba marasa inshora a manyan birane, ko ƙungiyar sa-kai ta Medinetz ta garinsu.

Gwaggo_Köln:
To ni tambayata ta goro ce. Wankin haƙorin nan da suke ta tallatawa, dole ne? Kowane zuwa sai an ce a yi.

Nas_Talatu:
Ba dole ba ne Gwaggo. PZR suke ce masa, ya bambanta da kankarewar da Malam ya ambata. Shi ana bin kowane haƙori da tsakankaninsa, a fesa hoda a cire jan goro da na shayi, a goge. Yakan ɗauki kusan awa guda, kuɗinsa yawanci tsakanin Yuro 80 da 120, daga aljihu. Inshorori da dama suna mayar da wani abu a shekara in an aika musu rasit, a duba manhajarsu. Mai cin goro kullum, ko mai dasashi mai zubar da jini, yana da amfani gare shi. Amma in dasashin ya riga ya yi rami, wannan cuta ce mai suna Parodontitis, maganinta inshora ke biya bayan an nemi izininta. Kada a sayar wa mutum wanki a madadin magani. Akwai awon dasashi da inshora ke biya duk shekara biyu, PSI, a roƙa a yi.

Asuwaki ba laifi, sai dai a bar dirza da ƙarfi a gindin haƙori, kuma ba ya shiga tsakani. Gawayi da toka suna cinye fatar haƙori, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa.

Dan_Zango_Kumasi:
Na karɓi gyara kan lambar. Ƙarin da zan yi kan fom ɗin farko ne, Anamnesebogen. Shafi biyu ne ko uku na tambayoyin lafiya. Wurare da yawa suna da shi a shafinsu, a sauke a cike a gida da taimakon manhajar fassara, ya fi a tsaya ana zare ido a ɗakin jira. Abubuwan da mutanenmu ke tsallakewa kuma suna da muhimmanci: sikila, a rubuta Sichelzellkrankheit, domin likitan nan ba zai kawo ta a ransa ba sai an faɗa. Ƙarancin G6PD in an san da shi. Ciwon hanta, ciwon suga, hawan jini, maganin tsinka jini, juna biyu, da duk maganin da ya taɓa sa maka ƙaiƙayi ko kumburi, musamman penisilin. In ka riga ka fara shan Ampiclox ɗin da aka zo da shi daga gida, ka faɗa, da ranar da ka fara. Gara ma kada a fara: ba ya kaiwa cikin jijiyar da ta mutu, lafawa kawai zai sa abin ya yi ya dawo.

A cikin takardun akwai wadda ke neman izinin miƙa bayananka ga kamfanin karɓar kuɗi. Shi ya sa wasiƙar biya kan zo da sunan da ba ka sani ba. Kada a jefar da ita a zaci talla ce. In an yi shiru sai gargaɗi, sai masu bin bashi, abu ya kai ga ɓata wa mutum suna a Schufa, rajistar tarihin biyan bashi. Mafi yawansu suna yarda a biya kashi-kashi in an tambaya da wuri.

Bakatsine_Hamburg:
Da maganar saɓa Termin. A nan ba a "in sha Allah zan leƙo". In ba za ka je ba ka soke kafin awa 24, wasu 48 suke rubutawa a takardar da ka sa wa hannu. In ba haka ba suna iya aiko maka kuɗin zaman banza, musamman in dogon aiki aka ware wa lokacin. Katin inshora kuma a riƙa zuwa da shi, duk wata uku sai an sake sa shi a na'ura. In an manta, akwai kwana goma a kawo. Sannan Laraba da Juma'a da rana wurare da yawa a rufe suke, mai jin haƙori na motsi ranar Alhamis kada ya ce sai gobe bayan masallaci.

Maman_Ilham:
Ga 'yan'uwa mata masu son mace ta duba su: a nemi Zahnärztin, suna da yawa ƙwarai, ba abin jin nauyi ba ne a faɗa lokacin yin Termin. Ba a cire ɗankwali don aikin haƙori. A babban hoton nan mai zagaya kai ne kawai za a ce a cire 'yan kunne, sarƙa da allurar hijabi, saboda ƙarfe na ɓata hoton.

Yara kuma tun daga wata shida inshora ke biyan dubawa da shafa musu maganin ƙarfafa haƙori. Daga shekara shida ana toshe ramukan sababbin turame kyauta. Wayar gyaran haƙori, in karkacewar ta kai mataki na 3 cikin 5 kuma yaro bai kai 18 ba, inshora na biya, amma iyaye su fara ajiye kaso 20 cikin ɗari, a mayar musu in an kammala. A adana rasit duka. In yaro ya faɗi a makaranta haƙori ya fita, kada a taɓa saiwar, kada a wanke, a sa a akwatin ceton haƙori na kantin magani ko a madarar kwali mai sanyi, a ruga. A tabbatar makaranta ta rubuta rahoto, don inshorar haɗari ta makaranta ce za ta ɗauki nauyi har gaba.

Gwaggo_Köln:
Ku gaya wa masu wushirya su ce a bar musu abarsu. Wani likitan yana gani zai fara lissafin rufewa, bai san ado ba ce.

Dan_Damagaram:
Gwaggo kin ba ni dariya. Haka haƙorin Makka. Shi dai a bari a duba gefensa, don in hular ba ta zauna daidai ba abinci na maƙalewa a ƙarƙashi, haƙorin ya ruɓe a ɓoye.

Tunda an zo nan, masu cewa su bari sai sun je gida hutu a yi musu da arha fa?

Malam_Lissafi:
Ciko ko wanki, ba matsala in akwai ƙwararre. Babban aiki ne abin dubawa. Inshorar Jamus ba ta biyan ko sisi a Najeriya ko Nijar ko Gana. A cikin Tarayyar Turai, irin su Poland da Hungary, tana ba da kasonta, amma sai ta amince da takardar shirin aikin kafin a fara. Na biyu, a nan likita na da alhakin shekara biyu kan ciko da hula da gada, in sun lalace ba da laifinka ba ya gyara kyauta. Aikin da aka yi a wani wuri ba wanda zai ɗauki alhakinsa. Dashen ƙusa kuma yana son watanni kafin ƙashi ya kama a ɗora hula, hutun mako huɗu ba ya isa.

Mai neman sauƙi a nan ya duba asibitin koyarwa na jami'a, inda ɗalibai manya ke aiki malamansu na duba kowane mataki. Kuɗin ya fi sauƙi, Turanci ba ya wuya, amma zama ɗaya na iya cin awa uku kuma da lokacin zangon karatu suke tafiya. Kusa da mai tambaya akwai ta Witten da ta Düsseldorf.

Sabon_Zuwa_Essen:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. An duba ni, likitar tana jin Turanci. Ta ce lamba 36 ne, ta buɗe ta sa magani, zogin ya tsaya. Ta ce sai an yi aikin jijiya, daga baya a sa hula. An ba ni takarda mai Yuro 480 in sa hannu kafin zama na gaba. Ban sa ba tukuna. Wannan daidai ne?

Nas_Talatu:
Madalla da ba ka sa ba. 36 shi ne babban turmi na farko a ƙasa ta hagu: lambar farko ɓangaren baki ce, 1 sama dama, 2 sama hagu, 3 ƙasa hagu, 4 ƙasa dama, ta biyu kuma ƙirge daga tsakiya. Ka duba lambar da ke takardar ta dace da wannan.

Zogin da ya tsaya kada ya ruɗe ka. Toshiyar wucin gadi ce, makonni kaɗan take riƙewa, in ta zube ƙwayoyin cuta su koma ciki aiki ya dawo sabo. Kada ka tauna abu mai tauri ta wannan gefen, haƙorin da aka buɗe yana saurin tsagewa, in ya tsage har saiwa kuma sai cirewa.

Malam_Lissafi:
Abin da za ka tambaya ɗaya ne: inshora ce ke biyan aikin jijiyar, 480 ɗin na ƙari ne, ko kuwa duka aikin aka mayar na kuɗi? A turame inshora na biya in ana ganin haƙorin zai tsira, kuma ɗaya daga cikin sharuɗɗa ya cika, babbansu shi ne jerin haƙoran daga tsakiya zuwa shi ba giɓi. In ba a taɓa cire maka haƙori a wannan layin ba, akwai alamar ka cika. Abubuwan ƙari su ne irin awon tsawon jijiya da na'urar lantarki da wasu hanyoyin wanke ramin. Ka ce a nuna maka layi-layi wane ne wane. In ba ka gamsu ba, KZV da majalisar likitocin haƙori suna da ofishin ba marasa lafiya shawara kyauta, ita ma TK tana da layin Turanci. Kana da ikon karɓar kwafin fayil ɗinka da hoton, na farko kyauta ne, Kotun Tarayyar Turai ta tabbatar da haka a 2023, kuma shari'ar ma a kan likitar haƙori ce a Jamus.

Hajiya_Bremen:
Ni dai zan ce kada a sa shi ya ɗauka duk ƙari cuta ce. Turmin ƙasa jijiya uku gare shi, wani huɗu, wasu a lanƙwashe. In aka bar ɗaya ba a wanke ba, bayan shekara ƙurji ya fito, maimaitawar ta fi tsada kuma ba kasafai inshora ke ɗauka ba. In yana da halin biya, awon lantarkin nan ba asara ba ne.

Bakatsine_Hamburg:
Hajiya ɗalibi ne fa. 480 rabin kuɗin watansa ne. Aikin inshora ma aiki ne, ba a ce a yi shi da ka ba.

Uban_Tafiya:
Kada wani ya ce masa ya ruga ya sayi inshorar ƙari ta haƙori yanzu. Abin da likita ta riga ta rubuta a fayil cewa yana buƙata, yawancinsu ba sa biya, wasu kuma da jiran wata takwas da iyakar kuɗi a shekarun farko. Ta gaba ce, ba ta wannan haƙorin ba.

Malam_Lissafi:
Haka ne. Inda zai samu sauƙi na gaske a hular ne. Kafin a taɓa haƙorin don hula, dole likita ta tsara Heil- und Kostenplan, wato takardar shirin aiki da kuɗinsa, ta aika wa TK ta kwamfuta, kai kuma a ba ka takardar da ke nuna kasonka. Kada a fara sai amincewa ta zo, kuma tana aiki wata shida ne. A lokacin nan ka nemi fom ɗin Härtefall. Wanda kuɗin shigarsa a wata bai wuce iyaka ba, a 2025 Yuro 1,498 ne ga mutum ɗaya, inshora na biyan aiki mafi sauƙin gaba ɗaya maimakon kaso 60. Ɗalibin da ke cire Yuro 992 a wata daga rufaffen asusun biza ya kamata ya cike, ya haɗa da shaidar asusun da ta ɗan aikin da yake yi in akwai, su za su yanke.

Sai dai ka san abin da za a sa maka: a lamba 36 aiki mafi sauƙi hular ƙarfe ce mai ruwan azurfa, ba fara ba. Farar fuska a ƙasa tana tsayawa ne a haƙori na huɗu, a sama na biyar. In fara kake so, bambancin kai za ka biya ko da an amince maka da Härtefall.

Gwaggo_Köln:
Can ciki wa zai gani? A sa ƙarfen. Ni dai a ba ni amsar azumi, in Termin ɗinsa na biyu ya faɗo cikin Ramadan.

Dan_Damagaram:
Allurar dasashi malamai da yawa sun ce ba ta karya azumi, abin kiyayewa haɗiye ruwan na'ura ne, sai a roƙi mai taimakon ta ajiye bututun tsotsa a wurin. Amma ya tambayi malaminsa. In cirewa ce gara Termin na yamma, don maganin zogi zai so sha bayan allurar ta sake shi, kamar awa biyu zuwa uku.